Bashin Naira Da Faɗuwar Darajarta: Wa Zai Ɗauki Asarar?

Ya 'yan uwana matasa, musamman masu karatun tattalin arziki a jami'a, ga wata mas'ala da nake ganin ta fi ƙarfin malamin fiƙihu shi kaɗai, kuma ta fi ƙarfin masanin tattalin arziki shi kaɗai.

Mutum ya ranta wa ɗan'uwansa Naira 100,000 a Disambar 2023, aka biya shi cif a Disambar 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi a tsakanin nan ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ke nan abin da aka mayar masa ba zai sayi fiye da abin da kimanin Naira 74,000 ke saye ranar da ya bayar ba. Mai karɓa bai ci amana ba, mai bayarwa kuma ya yi asara. To ina sauran ya tafi?

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kakanninmu a Daular Usmaniyya sun ga yadda wuri ya yi ta arha a ƙarni na 19, bayan da 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo shi daga gabashin Afirka zuwa gaɓar tekun Legas. Duk abin da aka yawaita ba tare da kayan saye sun ƙaru ba, darajarsa sauka take yi. Naira, wadda aka fara amfani da ita a 1973, ba ta fita daga wannan ƙa'ida ba. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta iyakance rancen gaggawa da zai bai wa gwamnatin tarayya ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Amma ya zuwa 2023 wannan rance ya kai Naira tiriliyan 22.7, har Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Wannan kuɗi ba daga aljihun kowa aka ciro shi ba, ƙirƙirarsa aka yi. A Yunin 2023 kuma aka saki farashin dala, wadda ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Manomin Sanyinna ko na Kebbe da ya sayar da shinkafarsa da kaka ya ajiye kuɗin don sayen taki, bai taɓa sa hannu a wata takarda ba, amma yana cikin waɗanda suka biya. A ganina wannan haraji ne da ba a yanka masa rasit, kuma tauye mudu ne, ko da ba a kasuwa aka yi shi ba. Maganin da babban banki ya kawo kuwa shi ne ɗaga kuɗin ruwa, har zuwa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, don rance ya yi tsada, kuɗi su ragu a hannun jama'a. Abin da ya kamata ɗalibi Musulmi ya tsaya ya yi tunani a kai ke nan: babban linzamin tsarin gaba ɗaya riba ce.

Malamai ba su yi barci a kan mas'alar ba. Jumhuru sun tafi a kan cewa bashi da kwatankwacinsa ake biya, ko kuɗin sun yi tsada ko sun yi arha. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya ce idan darajar fulus ta sauya, ƙima ake biya. A mazhabarmu ta Malikiyya, Ar-Rahuni ya karkata ga ƙima idan sauyin ya yi muni ƙwarai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya kan biyan kwatankwaci, ta hana ɗaure bashi da farashin kaya. A zamanta na Dubai a 2019 kuma ta halatta a yi sulhu lokacin biya idan hauhawar ta yi tsanani, ba tare da an shardanta hakan tun farko ba.

Ni dai ina tare da masu hana sharaɗin ƙari, domin ƙofa ce da idan aka buɗe ta, mai cin riba ne zai fara shiga. Sai dai ban yarda mu bar masu kyautatawa suna ta asara har su daina ba da rance ba, domin wanda zai wahala shi ne talakan da damina ta kama ba iri ba taki. Mafita tana hannunmu tun da can. Idan rancen mai daɗewa ne, a ba da buhun gero a karɓi buhun gero, ko a ba da zinari da awonsa a karɓa da awonsa. A rubuta, a kafa shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta yi umarni. Wanda kuma aka ranta wa Naira, ya samu hali, ya ƙara wani abu don kansa ranar biya ba tare da an nema ba, domin Manzon Allah (SAW) ya taɓa rancen ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi.