Dutsen Da Ke Tafin Hannu Da Wanda Ke Cikin Tsauni

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kafa duwatsu, ya ɓoye taskoki cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, dalilin wannan rubutu shi ne wani attajiri ya same ni a zaure bayan la'asar, ya kwance bakin hankici, sai ga ɗan farin dutse da ɗigon rawaya a jikinsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, an yi mini tayin rubu'in wani rami a wani tsauni mai nisa, ga abin da ke fita. Addu'a nake so." Na ce, "Alhaji, ka je wurin?" Ya ce a'a. Na ce, "Wa ya ciro dutsen?" Ya ce wanda zai sayar masa. Na yi masa addu'a, amma na ce kada ya zuba ko kwabo tukuna. Ga hujjata, don na san ba shi kaɗai aka kai wa irin wannan hankici ba.

Ku sani ma'adini ba ya zama a tsauni kamar hatsi a rumbu, wanda in ka ɗebi baki ka san gindi. Masana duwatsu sun bayyana cewa narkakken dutse ne ke tasowa daga can ƙasa da tsananin zafi, tare da ruwa mai ɗauke da ƙarafa a narke. Ruwan nan ya bi tsagogi, inda ya huce sai ya sauke kayansa. Saboda haka ma'adini jijiya-jijiya yake: nan ta yi kauri, taki goma gaba ta sirance, can kuma ta yanke. Kuma zinariya ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Takan zo da azurfa, ko jan ƙarfe, ko dalma, har sau da yawa ita ce ƙarama cikin ayarin.

Ku dubi labarin wani tsauni a tsibirin Niyu Gini, ɓangaren da ke hannun Indunusiya. A 1936 wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Holan, Jean Jacques Dozy, yana cikin masu hawan duwatsun tsibirin, sai ya ga wani baƙin tudu da tabon kore, a wurin da ya ɗara teku da ƙafa fiye da 11,000. Koren nan tsatsar jan ƙarfe ce, irin wadda kuke gani jikin tsohon munduwa. Ya sa masa suna Ertsberg, watau tsaunin ma'adini. Ya rubuta rahoto, yaƙin duniya ya taso, aka manta da takardar. Sai a 1960 Forbes Wilson na kamfanin Freeport na Amurka ya ratsa daji da ƙafa ya isa wurin. Ya gani da idonsa, ya ɗebo duwatsu da hannunsa, amma duk da haka ba a fara haƙa ba. Aka ƙulla yarjejeniya da gwamnati a 1967, aka kai injuna suka huda tudun rami bayan rami, ana zaro dutsen ciki kamar sandar rake ana aunawa, har aka tabbatar da wajen tan miliyan 33, jan ƙarfensa kashi 2.5 cikin 100. Kaya bai fita ba sai ƙarshen 1972. Tsakanin gani da ci shekara 36 ke nan, bayan an fasa hanya, an shimfiɗa bututu mai tsawon fiye da mil 60 zuwa bakin teku.

Asalin wannan tudu dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina, narkakken dutse ya kutsa cikinsa wajen shekara miliyan 3 da suka wuce, ya gasa shi, ya cika shi da baƙin ƙarfe da jan ƙarfe. Abin mamaki kuwa, wajen mil 2 daga nan akwai wani tudu mai ciyawa, Grasberg, wanda ba ya ɗaukar ido. Shekaru ana aiki kusa da shi. Sai a 1988 huda ta nuna shi ne uwar taskar, ya zama cikin manyan mahaƙan zinariya da jan ƙarfe na duniya duka. To, wanda ya yi ƙyalli shi ne ƙarami, wanda ya yi shiru shi ne babba. Wane ido ne zai gane wannan daga sama?

A nan nake so fatake su yi lissafi. Zinariyar Grasberg wajen giram 1 ce cikin tan guda na dutse, watau bai kai rubu'in miskali ba cikin nauyin buhun siminti 20. Nisabin zakka miskali 20 ne, wajen giram 85. Kafin ka tara nisabi ɗaya sai ka niƙa tan 85, nauyin buhu 1,700, in ma babu abin da ya zube. Wannan fa a taskar da duniya ke labari. Ribarsu daga yawan abin da suke niƙawa take, da jan ƙarfen da ke tare. Shi kuwa dutsen hankici zaɓaɓɓe ne cikin dubu, don ba wanda zai kai wa mai saye bare.

Yanzu ga mas'ala ta fiƙihu. A Muhtasar na Shehu Halilu an halatta sayen ƙasar ma'adinin zinariya ko azurfa, da sharaɗin kada a biya da jinsinta, amma an hana sayen ƙurar shagon maƙerin zinariya. Ina yaro na karanta wannan ban ga zurfinsa ba. Ƙasar ma'adini tulinta na gabanka yadda aka halicce ta, masani na iya kintata ta. Ƙurar maƙeri kuwa hannun mutum ya shiga, ba ka san abin da aka bari ko aka tsince ba.

Abin da ya auku a Busang, cikin dajin tsibirin Borniyo, shi ya fassara mini wannan babi. Wani ƙaramin kamfanin Kanada, Bre-X, ya sami wurin a 1993, ya yi ta shelar zinariya har ya ce ta kai oza miliyan 71. Mutane suka yi rububin sayen hannun jari, har da kuɗin fanshon malaman makaranta. Al'adar masu wannan aiki ita ce a tsaga sandar dutsen biyu, a auna rabi, a ajiye rabi shaida. Su kuwa duka suke niƙewa, ana barbaɗa zinariyar da aka saya wurin masu wanke yashin rafi kafin a kai awo. A Maris 1997 kamfanin Freeport ɗin nan, da zai shiga tarayya, ya huda nasa ramuka dab da nasu, bai sami abin kirki ba. Kuma zinariyar rafi ruwa ya goge ta ta yi sulɓi, ba ta kama da wadda ke cikin dutse. Cikin watan nan babban masanin duwatsunsu, Michael de Guzman, ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu, dukiyar mutane ta zama toka. An mai da ƙasar ma'adini ƙurar maƙeri, Turawa masu biro da na'ura suka saya.

Sannan abokan tafiyar zinariya ba duka alheri ba ne. A 2010, a Zamfara, ƙasar Anka da Bukkuyum, jijiyar da ake haƙa ta zo da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo dutsen cikin gida ana dakawa, ana niƙawa inda ake niƙan hatsi, ƙura ta shiga abinci da bakin yara, wajen yara 400 suka rasu. Wanda ya ba da jarin rami bai tambayi abin da ke tare da zinariyar ba, ina jin tsoron yana da kaso cikin irin wannan alhaki.

Mu malamai kuma mu ji tsoron Allah. Na ji akwai masu buga ƙasa su ce a haƙa nan, ko su ba da laya don jijiya ta ɓullo. Istihara gaskiya ce, amma ba ta zama awo ba, kuma addu'ar malam ba ta mai da cinikin garari halal. A mazhabarmu ma hukuncin ma'adini na hannun shugaba, haka dokar Nijeriya ta danƙa shi ga gwamnatin tarayya, sai a fara tambaya ko mai tallar ramin ya mallaki abin da yake sayarwa.

Abin da na sharɗanta wa Alhaji shi ne ya ga takardar izinin haƙa, ya aika amintaccensa da masanin da ba ya cin kome cikin cinikin, su ɗebi dutse da hannunsu daga wurare da yawa, mai kyau da maras kyau, a raba kowane ɗiba biyu, a auna zinariya a auna dalma. Ya ce kuɗin wannan zai yi yawa, kuma mai ramin ya ba shi kwana 7 kawai. Na ce ya nemi ƙarin wata guda. Da ya nema, mutumin ya karɓi dutsensa, har yau bai komo ba.

Haza wassalam.