Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi Ba Gawa Ba Ce

Tun daga shekarar 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta zama tilas ga yaron Birniwa kamar yadda ta zama ga yaron Legas. Mahaifi kan sayar da riɗi ko ɗan rago ya saya wa ɗansa kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo, wadda ta riga ta ci shekaru a ofisoshin Turai. Ran da aka danna ta ta yi shiru, sai a yanke mata hukuncin mutuwa, a jefa ta ƙarƙashin gado da kundin binciken ɗalibi a cikinta, ko kuwa a ɗauke ta zuwa Haɗeja ko Titin Beirut a Kano, a kashe kuɗin mota kafin ma a san ciwonta.

Ra'ayina shi ne wannan gaggawa kuskure ce, kuma mu masu ilmin zamani muka fi kowa laifi a cikinta. Sau da yawa abin da ya hana kwamfuta tashi ƙaramin abu ne. Farkon abin zargi shi ne caja, wadda ke sauya wutar gida zuwa kimanin bolt 19. Wutar janareta mai hawa da sauka takan ƙone ta, wayarta kuma takan tsinke daga ciki. Aron caja irinta, ko gwada ta da mitar mai gyaran rediyo, ya isa raba gardama. Na biyu batir ne. Zafi makashinsa ne, ga shi kuwa zafin bazara a ƙasar Haɗeja yakan haura digiri 40. In batirin mai ciruwa ne, a cire shi, a zare caja, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa talatin, sa'an nan a jona caja kaɗai a gwada. In kuwa ya kumbura, kada a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Wani lokaci fitila takan kama, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. A nan sai a duba 'yan sandunan ƙwaƙwalwarta, waɗanda masu gyara ke kira ram, a zare su, a share ƙurar hunturu, a mayar da su daram. Ko da ma an tabbatar uwar injin ce ta ƙone, faifan ajiya yawanci yana nan lafiya, ana iya ciro shi a kwashe aikin da ke ciki. Ashe rashin sani ne ke sa kaza kwana kan dami.

Wasu za su ce kada mutum ya taɓa abin da bai sani ba, ya je ya ƙara ɓata shi. Maganarsu da ƙamshin gaskiya, musamman ga sababbin kwamfutoci da ake liƙe batirinsu a ciki. Amma maganin rashin sani koyo ne. Mu dubi injin ban-ruwa. Lokacin da ya bazu a fadamun kogin Haɗeja a shekarun 1980, baƙo ne ga manomi. Yau kuwa da wuya ka sami garin fadama da babu yaron da zai kwance shi ya ɗaure. Masu wannan aiki da yawa ba su taka sakandare ba. To, ina dalilin da ɗan jami'a zai ji tsoron sukurori goma?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta ware rana guda kowane zango, a gayyato ƙwararrun masu gyara su koya mana a aikace. Cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta Kazaure da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja su shirya gajerun kwasa-kwasai domin matasan ƙananan hukumomi irin su Birniwa, Guri da Kirikasamma. Ku kuma 'yan'uwa matasan ma'aikata, kafin ku rubuta takardar neman sabuwar kwamfuta, ku sa a gwada wadda aka jingine a sito. Dukiyar talakawa ce.

Kowane ɗalibi kuma ya ajiye kwafin aikinsa a wani wuri dabam tun kwamfutarsa na da rai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu gane.