Tsohuwar Wuƙar Aljihu Ba Abin Yarwa Ba Ce

A cikin kayan da kakana ya bari akwai wata 'yar wuƙa mai naɗewa. Ƙotarta ta katako ce, kuma ta yi baƙi saboda yawan riƙo. Da ita yake fiƙe alƙalami, ya yanka igiya, ya ɓare rake. Ranar da aka raba kayansa babu wanda ya kula ta, har an jefa ta cikin tarkacen da za a sayar wa masu sayen tsoffin ƙarafa. Ni na tsamo ta. Tun daga ranar na fahimci dalilin da ya sa wasu mutane suke tara irin waɗannan wuƙaƙe, kuma a ganina aikinsu ya cancanci yabo.

Dalilina na farko shi ne, kowace tsohuwar wuƙa tana ɗauke da tarihi. A jikin wuƙar kakana an rubuta Okapi. Da na bincika, sai na gano cewa an fara ƙera irinta a garin Solingen na ƙasar Jamus a shekarar 1902, domin a sayar a ƙasashen Afirka da Jamusawa suke mulka a lokacin. A shekarar 1988 aka mayar da ƙirarta ƙasar Afirka ta Kudu. Ashe ɗan ƙarfen da bai kai tsawon tafin hannu ba yana iya ba mu labarin ciniki da mulkin mallaka.

Haka sauran wuƙaƙen suke. A ƙasar Suwizalan, Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach a 1884, kuma a 1891 ya fara ƙera wa sojojin ƙasarsa wuƙar aljihu. Sunan kamfanin, Victorinox, haɗi ne na sunan mahaifiyarsa, Victoria, da wata kalmar Faransanci mai nufin ƙarfe marar tsatsa. Shi kuwa wannan ƙarfe, ana danganta gano shi da Harry Brearley na garin Sheffield a Ingila, a shekarar 1913. A Faransa kuma, Joseph Opinel ya fara ƙera tasa wuƙar mai ƙotar katako a 1890, sannan a 1955 aka ƙara mata zoben da yake kulle ruwanta don kada ta naɗe ta yanki mai ita. Wanda ya san wannan, da ya ga babbar Opinel ta asali marar zobe zai yi zaton ta daɗe a duniya.

Dalili na biyu shi ne girmama aikin hannu. Mai tara wuƙaƙe yana koyon duba kyawun ƙira: yadda aka haɗa ruwa da ƙota, da irin ƙarfen, da tambarin maƙeri. Idon da ya saba da wannan ba zai raina maƙeran garinsu ba. Askar wanzami da wuƙar dukawa su ma kayan tarihi ne. Idan ba mu adana su ba, wata rana jikokinmu za su ji sunayensu kawai.

Akwai masu suka, kuma maganarsu abar saurare ce. Wasu suna cewa wuƙa makami ce, tara ta haɗari ne. Gaskiya ne wuƙa tana iya yin ɓarna a hannun marar hankali. Saboda haka mai tarawa na ƙwarai yana kulle kayansa a akwati, nesa da yara, ba ya yawo da su, kuma yana kiyaye doka. Ɗalibi kuwa ba shi da hujjar zuwa makaranta da wuƙa, komai ƙanƙantarta. Wasu kuma suna cewa ɓarnar kuɗi ce, wai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amsata ita ce, da tsohuwar zuma ake magani. Ban da haka, ba dole ne a sayi mai tsada ba. Wuƙa ɗaya ta gado, wadda aka san labarinta, ta fi goma da aka saya don alfahari.

Shawarata gare ku, ɗalibai, mai sauƙi ce. Idan akwai tsohuwar wuƙa a gidanku, ku nemi izinin manya ku duba ta a gabansu. Kada ku kankare ta har tambarinta ya goge, domin a nan darajarta take. A share ta da tsumma, a shafa mata ɗan mai, a ajiye ta inda babu laima. Sannan ku tambayi tsofaffi wanda ya mallake ta, da inda ya same ta, da aikin da ya yi da ita, ku rubuta. Ƙarfe yana iya jiran shekara ɗari, amma tsohon da ya san labarinsa ba zai jira ku haka ba.