Kiɗan jaz na Turkiyya: a daina fara labarin daga Brubeck

A shekarar 1958 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ɗauki nauyin rangadin makaɗin fiyano Dave Brubeck zuwa ƙasashe da dama, har da Turkiyya. A titin Istambul ya ji wani kiɗa mai bugu tara, ana kasa shi biyu, biyu, biyu, sannan uku. Shekara na zagayowa ya fitar da "Blue Rondo à la Turk". Da wannan aka saba buɗe tarihin haɗuwar jaz da kiɗan Turkawa, kuma nan ne ake tauye wa masu abin haƙƙinsu.

Brubeck ya ɗauki bugun, ya bar sautin inda ya tarar da shi. Kiɗan Turkawa ya ginu ne bisa makam, tsarin da ke amfani da sautukan da suka faɗa tsakanin maɓallan fiyano biyu maƙwabta. Fiyano ba ta da su, komai gwanintar mai kaɗa ta. Haka ma ƙirƙirar kiɗa nan take, abin da jaz ke tinƙaho da shi, ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Tun zamanin Daular Usmaniyya suna yin sa da sunan taksim.

Aiki mai wuya Turkawa ne suka yi shi. A 1976 Erkan Oğur ya samar da jita wadda babu ƙarafan nan da ke gindaye a wuyanta, domin yatsa ya sauka duk inda makam ya nema. Bai rage wa kiɗan kakanninsa komai don ya shiga kayan Turawa ba. Kayan ne ya sa suka rusuna. Makaɗin ganga Okay Temiz kuwa ya kafa ƙungiyar Oriental Wind a Suwidin cikin shekarun 1970, inda makaɗan jaz na ƙasar suka bi kiɗan ƙauyukan Anatoliya sau da ƙafa.

Gaskiya ne kuɗin gwamnatin Amurka ne ya kai Brubeck Istambul, kuma ma'aikatan da suka tsara tafiyar sun ci ribar da ba su lissafa ba. Sai dai tikitin jirgi bai koya wa kowa makam ba. Shi ya sa faifan da aka barbaɗa wa sarewar ney kamar yaji a kan tsire ke saurin gundura, alhali jitar Oğur na sa mai sauraro ya ajiye abin da yake yi.