SHA'ANIN MOTOCI: Ɗora Kaya a Rufin Mota

Duk wanda ya lura da motocin da ke fita daga unguwar Tudun Wada ta Minna a ranakun hutu ko gabanin Salla, zai ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato ɗora kaya a kan rufin motocin nan masu tsayi da ake kira jif, irin su Toyota RAV4 da Highlander da Honda CR-V. Wasu za su ganin gida, wasu za su shan iska a Gurara da tabarmi da kuloli, wasu kuma za su dawo daga Paiko ko Gwada da lodin doya.

Wannan ɗabi'a gadonta aka yi daga zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Direbobin tasha sun saba kai doguwar Fijo wurin masu walda a ƙera mata kariya ta ƙarfe, a jibga mata buhuna har ta durƙusa. To, amma kama da wane ba ta wane. Fijo gajeriya ce, nauyinta yana kusa da ƙasa. Waɗannan na yanzu kuwa, ko da yake sun yi kama da motar daji, yawancinsu a kan ginin ƙaramar mota aka yi su, sa'an nan aka ɗaga su sama. Mai zaton ya sami akori-kura, kallon kitse yake yi wa rogo.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka, kuma a rubuce yake cikin littafin da ke zuwa tare da ita. A yawancin irin waɗannan motoci abin yana tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, har da nauyin ita kanta kariyar. Ke nan buhun shinkafa biyu masu kilo 50 sun ƙetare iyaka, tun ba a zo ga jarkar manja ba.

Illar ba ta bayyana sa'ad da mota ke tsaye. Sai an hau hanyar Bida ko ta Suleja, direba ya kauce wa rami ko ya shiga kwana da gudu, sa'an nan nauyin da ke sama zai rinjayi motar gefe guda, abin da kan kai ga ƙundumbala. Bugu da ƙari, birki ba ya kamawa da wuri, tayoyi suna zafi, iska tana tokare kayan, mai kuma yana ƙonewa fiye da kima a wannan lokaci na tsada.

Saboda haka ya kamata magidanci ya bi tsari. Kaya masu nauyi, kamar doya da buhuna, a sa su cikin but, a ƙasa, a manna su da bayan kujera. Rufi kuwa na marasa nauyi ne, irin su katifa da tabarmi. A ɗaure su da ɗamara mai ƙarfi, ba da tsinken roba ba, a lulluɓe da tamfol, a tsaya a duba ɗaurin bayan 'yar tafiya. A ƙara wa tayoyi iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Idan an dawo gida a kwance kariyar.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin na Minna, tana hukunta masu lodin da ya wuce ƙa'ida. Amma tara abu ne mai sauƙi idan aka gwada da ran iyalin da ke zaune ƙarƙashin wannan rufi. Kayan da suka fi ƙarfin mota, a ba motar haya ta kai. Allah ya kiyaye hanya, amin.