Lambar 112 da hanyar Abuja zuwa Keffi: Samun mai kira ya fi amsa kiran wuya

A watan Maris na 2020 ne Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da cibiyar kiran gaggawa ta Abuja tare da lambar 112, wadda Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ware domin neman ɗauki kyauta, ko da babu kuɗi a waya. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya: kamfanin waya ya miƙa kiran ga cibiya, ma'aikaci ya tambayi abin da ya faru da inda ya faru, sannan ya sanar da 'yan sanda, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko 'yan kwana-kwana, ko motar asibiti.

Tambayar "a ina?" ita ce ke cinye lokaci, kuma hanyar da ta taso daga Abuja ta ratsa Mararaba da Masaka ta isa Keffi, tafiyar kimanin kilomita 50, tana nuna hakan ƙarara. Da yawa daga masu bin ta matafiya ne da suka nufi Akwanga, Lafiya, Makurɗi ko Jos. Idan haɗari ya rutsa da su cikin dare, wanda ya iya ɗaga waya ba lallai ne ya san sunan ƙauyen da ke kusa ba, balle a ce yana cikin firgici ko jini na zuba. Ko a cikin garin Keffi, da masallaci ko gidan mai ake kwatanta gida, ba da lamba ba.

Wannan matsalar ce ta sa wasu ƙasashe suka inganta tsarinsu. Amurka, wadda ta fara amfani da 911 a 1968, ta kai ga lambar mai kira da wurin da yake su bayyana a allon ma'aikaci kafin ya ce uffan. A Birtaniya kuwa, tun 2014 aka fito da wata dabara: da zarar an danna lambar gaggawa, wayar da kanta za ta kunna na'urar gano wuri ta tauraron ɗan'adam, ta aika wa cibiya saƙo ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Google ya sanya wannan a wayoyin Android a 2016, Apple ya biyo baya a 2018. Dogaro da turken sadarwa kaɗai na iya barin masu ceto suna laluben fili mai faɗin kilomitoci, musamman a karkara. Saƙon wayar kuwa yakan taƙaita shi zuwa 'yan mitoci. Sai dai ba ya aiki sai ƙasa ta shirya cibiyoyinta su karɓe shi, kuma ƙananan wayoyin da ke hannun talakawa da dama ba su da wannan damar.

Akwai kuma batun iyaka. Mararaba a Jihar Nasarawa take, Nyanya a Babban Birnin Tarayya, amma turke bai san iyaka ba. Kiran da ya faɗa cibiyar da ba ita ke da hurumi ba sai an sake miƙa shi, kuma mai karaya ko mai naƙuda ne ke biyan kuɗin wannan jinkiri.

Ko an gano wuri, sai da motar da za ta tashi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, kuma a 2022 gwamnatin tarayya ta fara shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, NEMSAS. Keffi na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, abin da garuruwa da yawa ba su samu ba. Duk da haka, sau da yawa direbobi da 'yan acaɓa ne ke kwasar waɗanda suka ji rauni, cikin kyakkyawar niyya, amma ba tare da sanin yadda ake ɗaga mai rauni a ƙashin baya ba.

Yawan lambobi ma na rikitar da jama'a, domin Hukumar Kiyaye Haɗurra na da tata 122, ofisoshin 'yan sanda kuma na raba dogayen lambobi da ba mai haddacewa. Ya kamata gwamnatin Nasarawa da NCC su riƙa bayyana yawan kiran da ke shigowa daga wannan hanya da mintunan da ake ɗauka kafin ɗauki ya isa. Kafin a kai ga tauraron ɗan'adam kuwa, kafa allunan kilomita masu lamba tsakanin Mararaba da Keffi, waɗanda ake iya karantawa da fitilar mota, aiki ne da ba ya buƙatar jiran kowace sabuwar fasaha.