Taswirar Mota Ba Ta Hana Tambaya

Motoci da yawa da ake saukewa a Ikko yanzu da allo suke zuwa a gaban direba. Allon nan shi ne rediyo, shi ne majigi, shi ne kuma mai nuna hanya. Taurarin ɗan Adam na Amurka, watau GPS, su ke sanar da shi inda mota take.

Lalle abin yana da amfani ga baƙon da ya taso daga Sakkwato, ba ya jin Yarabanci, yana neman Agege ko Sabon Badun. Amma da sauran gyara. Motar tokumbo da taswirar ƙasar da ta baro take zuwa, sai an haɗa ta da waya. Ita kuwa Google Maps ba ruwanta da tsayin tirela ko nauyin tanka. In ta shigar da mutum wanwe, ma'aikatan LASTMA direba za su kama, ba allo ba.

Mafi muni, wasu fim suke kunnawa suna tuƙi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kallon daƙiƙa 3 ya isa ya bar mutum da marayu a gida.

Saboda haka ya kamata shugabannin tasha da sarakunan Hausawa su ja kunnen direbobi. A saita hanya tun mota na tsaye, a bar fim sai an isa masauki, in an rikice a tambayi ɗan gari. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah ya kiyaye hanya, amin.